Kaifin da Baba Ya Kashe

Abubuwa da yawa sun same ni a Jidda na manta da su sarai, har da waɗanda na rantse a lokacin cewa da su za a binne ni. Amma maganar allunan sulun kan dusar ƙanƙara na ƙanina, wannan kam ko na tsufa na fara kiran jikokina da sunan juna ba za ta fita daga kaina ba. In na fara ba da labarin mutane kan yi dariya, su ce Jidda da zufa ke karyo wa mutum tun da asuba, ina ita ina dusar ƙanƙara? Nakan bar su su gama dariyarsu, don ni ma da dariya na fara.

Babanmu mutumin Maraɗi ne. Yana saurayi ya zo aikin hajji ya zauna, daga baya Allah ya haɗa shi da kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ya samu iƙama, wato takardar zama. A unguwar Kurayyat ta Jidda aka haife mu, ni ce babba, sai ƙanina da kowa ke kira Auta. Innarmu ta rasu tun Auta yana ƙarami, saboda haka Baba ya zama uwa da uba, ya kuma ɗora wa yaron nan kulawar da har takan ba ni haushi. Ni kuwa sunan mahaifiyarsa aka sa mini, yana ce mini Uwata, ni ma na samu hanya ina gaya masa abin da wani ɗa ba zai iya gaya wa ubansa ba.

Sana'ar Baba gwanjon kayan gida a Haraj, babbar kasuwar tsofaffin kaya da ke kudancin gari. Gadajen ƙarfe, kujeru, teburan girki, kekunan yara, duk yana saya ya gyara ya sayar. Ni ma ina da 'yar shimfiɗata ta tsofaffin tufafi a layin mata. Baba yana da doka guda da kowa ya san shi da ita: kaya ba ya barin hannunsa da baki mai kaifi ko ƙusa a tsaye. Ko tebur ne sai ya bi gefensa da tafin hannu, in ya ji inda zai yanki mutum ya kai wa amininsa mai walda a goge. Yakan ce gidan da kayan za shi akwai yara. Da wannan ya yi suna, matan unguwa ba sa sayen gadon yaro sai a wurinsa.

Da Auta ya girma, iƙamar Baba ta daina rufe shi. Fasfo ɗinsa na Nijar ne, ƙasar da ko a mafarki bai taɓa takawa ba. Hausa yana jin ta tsaf, amma in zai mayar sai Larabci ya riga ta fita, wadda ta samu fitowa kuma tana ɗingishi. Muna cikin zullumin inda za a sa shi sai wani ɗan unguwarmu ya samo masa aiki a Dubai, a wani katafaren gini da aka yi wa tudun dusar ƙanƙara a ciki, mutane na biya su shiga su yi sulu daga sama zuwa ƙasa. Aikinsa miƙa wa baƙi takalma da rigunan sanyi. Da ya gaya mana a waya na yi dariya har da hawaye, na ce yaron da ko na'urar sanyaya ɗaki aka ƙara sai ya nemi bargo, shi ne a cikin firinji.

Ashe yaron ya samu abin da ransa ke so. In an tashi aiki yakan ari allunan haya ya hau tudun, ya faɗi ya tashi, har ya iya, har masu koyarwa suka fara tsayawa kallonsa. Ana nan sai kamfanin ya ce zai rage ma'aikata. Masu miƙa takalma za a sallami mafi yawansu, sai dai wanda ya ci jarrabawar zama mai koyarwa, shi za a sabunta wa takardar zama. Sau ɗaya za a yi jarrabawar. Wanda ya faɗi, tikitinsa zuwa ƙasar da ke rubuce a fasfo ɗinsa. Ga Auta wannan na nufin Nijar, ba ya da kowa a can sai dangin da ya sani a hoto.

Kafin jarrabawar ya samu bizar umra ya zo mana. Muna cin abinci ya ce matsalarsa ɗaya ce, allunan haya. An yi su ne don masu koyo, laushi gare su, dubban ƙafafu kuma sun cinye bakinsu. Mai jarrabawa yana so ya ga mutum ya sauko yana karkata dama da hagu, ya bar layi biyu sirara a bayansa, kamar an ja da wuƙa. Da na haya kuwa share ƙanƙarar kawai ake yi. Sababbi a can sun fi ƙarfin albashinsa nesa ba kusa ba. Baba ya ajiye cokali ya tambaye shi kamannin abin, Auta ya kwatanta da hannu. Baba ya ce, “Wanga katakon? Ai na gan shi jibge a wurin Bayamanen nan na bayan layinmu. Cewa ya yi kanta za a yi da shi.”

Washegari muka tafi mu uku wurin mutumin Yaman ɗin. Bayamanen ya sayi kayan gidan wani Bature ne gaba ɗaya da zai koma ƙasarsu, ga allunan nan a jingine tsakanin tsohon firinji da labule. Auta ya tsaya yana kallonsu. Baba kuwa, da yake kasuwarsa ce, bai jira kowa ba, ya sa hannu ya zaro waɗanda suka fi duka tsawo, miƙaƙƙu sambal, sun wuce kansa da kusan kamu biyu.

“Ga naka, Auta. In za ka sayi kaya, sayi wanda ya cika.”

“La, ya Abuya,” wato a'a Baba, in ji Auta, yana dariya. “Wannan na zaman da ne. Ba a juya shi sai da kokawa.”

Baba ya mayar, ya ɗauko wasu masu faɗi kamar ƙyauren taga, ya ce to waɗannan ko raƙumi ya hau ba zai faɗi ba. Auta ya ce waɗannan na dusa mai laushi ne, ta kan dutse, wadda ƙafa ke nutsewa a ciki. Tasu kuwa kullum mota ke bi ta danne ta, ta taje ta, ta yi tauri kamar daɓen ɗaki, mai faɗi ba ya saurin komawa daga gefe zuwa gefe a kanta. Akwai wasu marasa nauyi masu ado da suka burge ni, na nuna masa. Ya dafa tsakiyarsu da hannu ɗaya suka lanƙwashe, ya ce, “Yaya, wannan irin na hayarmu ne. In ka yi gudu sai ya kama rawa.”

Can ƙasa ya jawo wasu jajaye. Ya tsayar da ɗaya a gabansa, kansa ya zo masa daidai hanci. Kai da faɗi, wutsiya da faɗi, tsakiya ta tsuke. Ya danna tsakiyar da ƙarfi, allon ya ɗan ba da kai ya dawo da sauri. Ya haɗa cikin allunan biyu ya ɗaga su wajen haske yana duba ko ɗaya ya karkace. Ya juya madannin takalmi ya ga zai zo daidai da nasa. Daga nan ya goga bayan farcensa a bakin ƙarfen da ya bi gefen allon daga sama har ƙasa, ƙarfen ya kankare farcen. Ya ce a hankali, “Haza huwa. Shi ne.”

Baba ya karɓa ya auna nauyi, ya ɓata fuska. “Mi za ka yi da wanga gajere? Ga nauyi, ga shi ƙugu ya cinye kamar zanzaro.” Auta ya yi ta bayani, rabi Hausa rabi Larabci, cewa ƙugun shi ne sirrin: in mutum ya kwantar da allon a gefe ya taka, allon da kansa ke lanƙwasa ya zana kwana. Nauyin kuma ƙarfe ne a ciki, shi ke hana shi kaɗuwa. Na tabbata ya yi maganar kaifin ma, amma a Larabci ya yi ta, da sauri, a daidai lokacin da Baba ya riga ya juya wajen Bayamanen ya shiga ciniki. In Baba ya shiga ciniki ko gobara aka ce ba ya ji.

Ban taɓa ganin Baba ya kushe kaya da zuciya ɗaya irin na ranar ba, don shi har ga Allah ya yarda kayan nakasasshe ne. Ya ce gajere ne, ya ce ba a yanka shi daidai ba, ya ce ko kanta aka yi da shi kwano zai zame ta tsakiya. Bayamanen ya duba ya ga gaskiya ne, ya ce, “Halas, shi ke nan, ya Hajji, ɗauka.” Muka fito Auta yana ta ƙunshe dariya. Da muka iso gida ya rungume Baba, abin da ban taɓa ganin ya yi ba tun da ya girma.

A wajen sauke su daga mota ne bakin ƙarfen ya tsaga wa Baba babban yatsa. Ba wani rauni ba ne, na ɗaure masa da tsumma. Amma na ga yadda ya tsaya yana kallon allon, yana kallon yatsan. Auta bai gani ba, yana ciki yana haɗa jakar Makka da Madina, don ya ce ba zai shiga jarrabawa ba sai ya je ya roƙi Allah.

Bayan tafiyarsa na dawo daga kasuwa wata rana na tarar da allunan a tsakar gida sun sha wanki da omo, suna ƙyalli. Baba ya ce in shafa gefen. Na shafa, sumul, ko jariri aka ba ya yi wasa da shi. Ya ce amininsa mai walda ya sha wahala, ƙarfen taurin kai gare shi, sai da ya sa injin gugar ƙarfe ya bi ya sake bi har wuta na tashi. “Yaron ga gudu zai yi bisa abin ga, Uwata. In ya faɗi bisa wuƙa biyu fa? Turawan ga ba su da tausayi.” Na ce Allah ya saka da alheri, don ni ma a idona gyara ne. Da ni aka riƙe buhu ya naɗe su da tsofaffin barguna, ya ɗinke da basilla irin ɗinkin kayan alhazai, wanda sai da wuƙa ake kwancewa.

Auta ya dawo a gurguje, jirginsa a ranar ne, jarrabawa kuma ta matso. Ya ga ɗaurin ya yi murna, ya ce ko daga sama aka jefo shi ba abin da zai same shi. Baba bai ce masa komai ba game da gugar. Ba ɓoyewa ya yi ba. A wurinsa kashe kaifin kaya kamar kaɗe ƙura ne, ba abin da ake ba da labarinsa.

Ana gobe jarrabawa da hantsi wayata ta yi ƙara ina kasuwa. Muryarsa kawai na ji na san ba lafiya.

“Yaya, wa ya taɓa allunan?”

Na ce, “Baba ne ya kai aka goge maka bakin, kada ya yanke ka.”

Sai ya ce ya kai wa mai gyaransu na wurin aiki, mutumin ya ce da dusashewa kawai ya yi da an wasa shi, amma an cinye ƙarfen har ya kusa ƙarewa, zafin injin kuma ya ɗaga cikin allon. Ba abin da za a wasa. Na ce to ba sulu ake yi da cikin allon ba, ina ruwan gefe? Ya ce, “Yaya, kaifin shi ke riƙe ni. In na kwanta a kwana, ba abin da ke tsakanina da faɗuwa sai shi.” Daga nan ya haɗa ni da Allah kada in gaya wa Baba.

Ya nemi aro bai samu daidai da shi ba, masu nasu kuma duk a ranar suke bukata. Da na haya ya shiga. Ya gaya mini daga baya cewa saman tudun ya tafi lafiya, amma da ya iso inda ƙanƙarar ta fi tauri allunan suka ƙi kamawa, suka share gefe da shi. Bai faɗi ƙasa ba, sai dai layin da ake nema bai fito ba. Sunansa bai fito cikin waɗanda za a riƙe ba.

Ni aka bar wa aikin gaya wa Baba. Na ce masa Allah bai nufa ba, ya yi salati ya ce haka Allah ya so. Na yi niyyar cika wa Auta alkawari, wallahi na yi niyya. Amma Baba tsohon ɗan kasuwa ne, fuska yake karantawa kafin baki. Kwanaki yana lura da yadda nake ajiye masa abinci ba na zama. Wata safiya muna shirin fita ya tsaya a bakin ƙofa.

“Uwata, katakon ga bai yi mashi aiki ba?”

Na ce bai hau su ba.

“Don mi?”

Raina ya riga ya cika, kuma ni dama ba a san ni da haɗiye magana ba. Na ce, “Don kun kashe su, Baba. Kaifin nan da kuka goge shi ne aikin gaba ɗaya. Yaro ya zaɓi abinsa da hannunsa, ya gwada da farcensa a gabanku, me zai hana ku tambaye shi?” Na faɗa da zafi, na kuma ji zafin faɗar tun kafin in rufe baki.

Baba bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya zauna a kan dakalin ƙofa ya cire hularsa ya riƙe. Ranar bai je kasuwa ba, kuma tun da nake ban taɓa ganin ya fasa kasuwa yana da lafiya ba. Da la'asar ya ce in kira masa Auta. Na kira na miƙa masa, na so in ba su wuri ya ce in zauna.

“Auta, ni ne. Na ji abin da na yi maka. Ka yafe mani.”

Ina jin muryar Auta ta cikin wayar yana ta cewa la, la, ya Abuya, ma fi shai, ba komai. Baba ya ce, “A'a. Da Hausa na roƙe ka, da Hausa za ka ba ni amsa.” Sannan yaron nan ya tattaro Hausarsa ya ce, “Na yafe, Baba. Ni na san don ni ka yi.” Baba ya miƙo mini wayar ya shige ɗaki.

Na zaci maganar ta ƙare a nan. Cikin makon sai na ga yana karyar da kayan rumfarsa, gadaje da kujeru, duk wanda ya taya sai ya sallama. Na tambaye shi, ya ce ya je wurin kafilinsa ya nemi a yi masa fita ta ƙarshe, wadda ba a dawowa. Na ce Baba kun san abin da kuke yi kuwa? Iƙamar da mutane ke nema da kuka, kabarin Inna yana nan, ni ina nan da 'ya'yana, ga Harami a kusa. Ya ce duk ya sani.

“Yaron ga za a sauke shi inda bai san kowa ba, ko gaisuwa ba ya iya kai wa ƙarshe. Ni na sa aka sauke shi. Ba zai fito daga jirgi ya rasa wanda zai kira sunansa ba.”

Na yi kuka, na yi faɗa, na turo masa abokansa, ba wanda ya juya shi. Ya riga Auta isa Yamai da 'yan kwanaki, shi ya tarbe shi, suka wuce Maraɗi tare. A can suka buɗe rumfar gwanjo, Auta ya koyi sana'ar ya kuma koyi Hausa, har yanzu in muna waya ni yake yi wa gyara. Bai sake taka dusar ƙanƙara ba. Baba kuwa ban ƙara ganinsa ido da ido ba, a can ya rasu, Allah ya jiƙansa. Har yau in na tuna na kan ji haushinsa da ƙaunarsa sun taso mini tare, ban san wanda ya fi yawa ba.

Abin da na koya ba mai tsawo ba ne. Ƙauna ba ta isa ta zama sani ba, kuma wanda ya fi kowa sonka yana iya yi maka ɓarnar da maƙiyi ba zai samu hanyar yi ba, don shi ne ke da makullin ɗakinka. Yanzu 'ya'yana sun girma, kowanne da abin da ya iya wanda ni ban gane kansa ba. In na ga wani abu a hannunsu da ya tsorata ni, hannuna kan yi ƙaiƙayi in kawar musu da shi, sai in danne, in kira mai abin in ce, “Zo ka gaya mini, wannan na mene ne?” In ya fara bayani kuma nakan zauna in ji har ƙarshe.